Ayun da ban gani ba

Gare de Bassam tasha ce da na sani kamar yunwar cikina. Shekara 22 ke nan ina Abijan, kuma da wuya mako ya wuce ban tsallaka gada daga Ajame zuwa Tireshbil na ba direba ƙunshin kaya ba: wannan na Bonuwa ne, wancan na Abuwaso, wannan kuma a sauke shi a Nowe, bakin iyakar Gana, akwai mai jira. 'Yan kamasho sun san ni, mai shayin bakin tasha ya san yawan sukarin da nake sha. Amma in ka tambaye ni abin da ke bayan Basam, sai dai in ba ka labarin da direbobi suka ba ni. Kayana sun sha yawo, ni kuwa ban je ko'ina ba. Na san da yawa cikin masu karanta wannan haka suke: daga shago sai masallaci, daga masallaci sai ɗaki, shekara ta zagayo a hau motar gida.

Ni Ba'adare ne, daga wani ƙauye a ƙasar Buza. Ruwan da na tashi na sani na rijiya ne, sai na kwari in ya kawo da damina, shi ma kullum iyaye na ja mana kunne a kansa. Ban iya iyo ba, ban kuma taɓa sha'awar koyo ba. A Ajame ina da ɗan shago na turare da zuma da man zaitun da habbatussauda da kayan mata. A kan kantar sama, hannun dama, akwai wasu 'yan kwalabe masu jar murfi da aka rubuta wa "Man Ayu". Wani ɗan kasuwa da ke zirga-zirga tsakanin Najeriya da nan ke kawo mini su. Ba su cin wuri, ba sa lalacewa, kuma ribarsu ta fi ta zuma nesa ba kusa ba. Ban taɓa tambayar kaina mene ne ayu ba. Na ɗauka wani babban kifi ne, kamar giwan ruwa, shi ke nan.

'Yata ta biyu shekararta 12. A nan aka haife ta, Faransancinta ya fi Hausarta kaifi, abin da ke damun uwarta. Kowace Asabar ita ke zuwa ta share shagon, ta goge kwalabe ta jera su. Na yi mata alkawari in ta ci jarrabawar shiga kwaleji ta zaɓi abin da take so. Na shirya wa waya ko keke. Da sakamako ya fito sai ta ce:

"Baba, tsibiran Ehotile nake so ka kai ni. Malaminmu ya ce akwai tsibirin da jemagu ne kaɗai a cikinsa, kuma sai da jirgin ruwa ake zuwa."

Uwarta tana tankaɗe, ta ɗago kai ta dube ni. "Malam, kai da ko jirgin Abobo-Dume ba ka taɓa shiga ba?"

Gaskiya ta faɗa. Na gwammace in kwana cikin cunkoson gada da in hau jirgin da ke tsallaka tafkin Abijan. Sai da na ja maganar wata biyar, yau kasuwa, gobe ruwan sama. Yarinyar ba ta sake tuna mini ba ko sau ɗaya, wannan shirun nata ne ma ya fi ci mini rai. Alkawari kaya ne. Daga ƙarshe wani direba da ke kai mini kaya Ajake ya haɗa ni da ɗan jagora, muka yi ciniki ta waya, muka tsayar da wata Lahadi cikin rani.

Mun yi sallar asuba a gida, muka ɗauki taksi zuwa Tireshbil. Karon farko ke nan da na shiga Gare de Bassam ba da ƙunshi a hannu ba. Wani ɗan kamasho ya miƙo hannu zai karɓi kaya, na ce masa yau ni ne kayan. Muka hau motar Abuwaso. Bayan filin jirgin sama da Gonzagbil hanya ta miƙe, itatuwan kwakwa a jere, teku na leƙowa ta hannun dama. Basam kilomita 40 ce kawai daga Abijan. Yarinyar ta dinga karanto mini abin da aka koya musu: nan ne babban birnin farko da Faransawa suka kafa a 1893, annobar shawara ta 1899 ta kore su suka koma Benjarbil, kuma a 2012 hukumar UNESCO ta saka tsohuwar unguwar cikin wuraren tarihi na duniya. Ni dai idona na kan gadar Musu, inda muka tsallaka kogin Komowe, wanda ya taso tun daga Burkina Faso. Muka wuce gonakin abarba na Bonuwa, muka sauka a mararrabar Samo, muka shiga ƙaramar mota zuwa Asini-Mafiya. Kafin ƙarfe 9 muna bakin ruwa.

Ɗan jagoran saurayi ne ɗan yankin, da littafin tsuntsaye da ruwa ya taɓa jiƙawa da madubin hangen nesa a wuya. Mu takwas ne fasinja: ni da 'yata, wani ma'aikacin banki da matarsa da ɗansu, sai Turawa uku. Rigunan kariya bakwai ne a jirgin. Mai jirgi ya ce ba komai, ruwan a kwance yake. Ni kuwa na ce ƙafata ba za ta taka jirgin nan ba sai an cika takwas. Ba jarumta ba ce, tsoro ne zalla. Aka yi ta ƙananan maganganu, 'yata ta sunkuyar da kai don kunya, amma bayan minti 20 yaro ya dawo da riga daga wani jirgin. Na ɗaure tata da hannuna, na ɗaure tawa har numfashi na yi mini wuya, na yi addu'ar hawa abin hawa, na zauna a tsakiya na riƙe benci da hannu biyu.

Ruwan da muka shiga ba teku ba ne, tafkin Abi ne, wanda kogunan Biya da Tanowe ke zuba a cikinsa kafin ya sami ƙofa zuwa teku a Asini. Saboda haka ruwan nasa gauraye ne, ba daɗi sosai ba, ba gishiri sosai ba. Tsibiran guda 6 ne, faɗinsu gaba ɗaya hekta 550. An mai da su gandun da gwamnati ke karewa a 1974, kuma abin da ya ba ni mamaki shi ne mutanen wurin ne da kansu suka nemi a yi hakan. A 2005 aka shigar da su cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu da dausayi. Hukumar OIPR ce ke kula da su yanzu, ba a shiga kara zube.

Da muka bar gidajen masu kuɗi na bakin Asini, sai ruwa ya tsuke tsakanin wasu itatuwa da ban taɓa ganin irinsu ba. Saiwoyinsu a waje suke, sun sauko daga jikin itacen kamar ƙafafun gizo-gizo sun cake cikin laka. Da Faransanci paletubiye ake ce musu. Ɗan jagora ya sa aka rage gudu, ya ce mu duba tsakanin saiwoyin. Ƙaguwa ce birjik, da 'yan kifaye kamar ƙwayar shinkafa, da wani kifi mai idanu a tsakiyar ka wanda ke fitowa kan laka yana tsalle kamar kwaɗo. Ya ce nan ne ɗakin haihuwar kifi. Manyan kifaye ba sa iya kutsawa cikin saiwoyin, sai ƙananan su girma a ɓoye, in sun yi ƙarfi su fita. In aka sare itacen don ƙyafe kifi, kamar yadda ake yi a wurare da yawa, to an ƙona ɗakin da kifin baɗi zai fito. Wannan na fahimce shi nan take, don mu ma a Adar mun ga abin da saran itace ya yi wa gonakinmu.

Tsuntsaye kuwa an ƙidaya fiye da iri 120 a wurin. Wasu na gane su. Ga balbela fara fat, ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya kamar mai jiran bashi, ga shirwa na shawagi. Akwai wani ƙarami mai baƙi da fari da ke tsayawa cak a iska yana kaɗa fiffike, sai ya faɗo ruwa kamar dutse ya fito da kifi a baki. Ɗan jagora ya nuna mana wasu 'yan tsuntsaye masu dogon baki a bakin laka, ya ce waɗannan daga Turai suke zuwa in sanyi ya kama can, su yi watanni a nan su koma. Na ce wa 'yata, "Ashe su ma 'yan ci-rani ne." Ta yi dariya, ta ce, "Amma su ba a tambayar su takarda a hanya, Baba." A kan wani reshe mun ga guza kwance tana shan rana, ko kallonmu ba ta yi ba.

Tsibirin jemagu, Baluwate, tun kafin ka gan shi za ka ji shi. Ƙara ce kamar ta kasuwar Ajame ana gobe Salla, sai kuma wari mai hawa ka. Da farko na ɗauka busassun 'ya'yan itace ne suka yi wa rassa nauyi. Sai da wasu suka saki reshe suka tashi na gane duk abin da nake gani jemagu ne, dubbai, masu launin busasshen kara, kowane in ya buɗe fiffike ya fi kamu guda. Irinsu ne ke kwana a itatuwan Filato, waɗanda kowa ke gani da magariba suna fita. Ɗan jagora ya ce 'ya'yan itace suke ci, su yi tafiyar kilomitoci da yawa a dare ɗaya, su kasayar da irin a wani wuri, daji ya tsiro. Mutanen Ehotile, waɗanda ke kiran kansu Betibe, suna ɗaukar jemagun nan alamar kakanninsu, don haka ba mai taɓa su. Akwai ma tsibiri guda da suke riƙe da shi wuri mai tsarki a al'adarsu, jirginmu bai nufe shi ba. Ni Musulmi ne, wannan ba aƙidata ba ce. Amma na lura da abu ɗaya: a Filato na sha ganin samari na harbin jemage da danƙo, a nan kuwa ga su kwance lafiya a kan kawunanmu.

Bayan mun bar tsibirin ne ɗan jagora ya ciro wani hoto da aka lulluɓe da leda, ya miƙa a zagaya da shi. Wata dabba ce toka-toka, jiki kamar buhun gero cike, kai ƙarami, leɓe mai gashi, hannuwa biyu gajeru, wutsiya kamar faifai. Ya ce sunanta lamantan, kuma tana cikin ruwan nan da muke kai. Ya ce kada mu sa rai, shi kansa da ke shigowa kullum yakan yi watanni bai gan ta ba, don tana gudun ƙarar inji.

Ya ci gaba da bayani. Ba kifi ba ce. Iska take shaƙa kamar mu, sai ta leƙo da hanci ta yi numfashi ta koma. Ciyawar ruwa da ganye take ci, ba ta cutar kowa, kuma masana sun ce dangin giwa ce. Babba takan wuce mita 3, nauyinta ɗaruruwan kilo. Tana ɗaukar ciki kimanin shekara guda, ta haifi ɗa ɗaya tak, ta shayar da shi da nono da ke ƙarƙashin hammatarta, ɗan ya bi ta har wajen shekara 2 kafin ta sake haihuwa. Shi ya sa in an kashe uwa ɗaya an yi ɓarnar shekaru. Ana samunta daga Senegal har Angola, kuma tana hawa kogin Kwara har cikin Nijar da Mali. Dokar Kodebuwa ta hana kashe ta, kuma a 2013, a taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Bankok, an hana cinikin duk wani abu na jikinta tsakanin ƙasashe. Duk da haka ana kashe ta. Matar ma'aikacin banki ta tambaya don me. Ya ce don nama, da kuma kitsenta, wanda ake narkewa a zuba a 'yan kwalabe a sayar a matsayin magani.

Hoton yana hannuna lokacin da ya faɗi haka. Na ji wani abu ya tsaya mini a maƙogwaro. 'Yata ta matso ta leƙa hoton, ta yi mini tambayar da takan yi a kan komai, wadda uwarta ta koya mata:

"Baba, me ake ce masa da Hausa?"

Ina iya cewa ban sani ba. Minti biyar kafin nan ma gaskiya ce. Na ce, "Ayu."

Ta dube ni. Ba ta ce komai ba. Yarinyar da ke goge kwalaben nan kowace Asabar ba ta buƙatar a yi mata fassara. Ta karɓi hoton ta miƙa wa na gaba, ta juya tana kallon ruwa.

Ba mu yi nisa ba inji ya yi tari ya mutu. Tsohuwar koma ce da leda suka naɗe farfela. Mai jirgi ya ɗaga injin yana yanka da wuƙa, jirgin ya fara juyawa a hankali, ruwa na tura shi. Ni dai na ce tawa ta ƙare. Na rufe ido, na ƙanƙame benci, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ruwa na taɓa katako. Mun kai minti 10 a haka. Sai na ji wani sauti a bayana ta hagu, kamar saniya ta huro hanci a kwarya. 'Yata ta damƙe mini hannu.

"Baba! Baba, duba!"

Kafin in buɗe ido in juya, ba abin da ya saura sai da'irar ruwa tana faɗaɗa, da 'yan guntayen ciyawa na yawo a kai. Ita ta ga hancin, ramuka biyu da gashin baki, ta ce. Ɗan jagora ya gani, Bature ɗaya ya gani. Muka jira ko zai sake fitowa, bai fito ba. Ni da na ci abinci da sunansa shekara da shekaru, numfashinsa kaɗai na ji.

Mun ƙarasa inda tafki ke haɗuwa da teku, wurin da ake kira La Pas. Ruwan tafki a kwance, na teku na dukan yashi kamar zai fasa ƙasa. Na yi alwala da ruwan da ke da ɗan gishiri-gishiri, muka yi azahar a kan yashi, muka ci aceke da gasasshen kifi. Na so in ja ta da hira, na ce garban Ajame ya fi wannan, ta san kuwa sunan 'yan uwanmu masu sayar da shi ne ya bi abincin? Ta ce ta sani. Can sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Baba, na shagonmu na gaske ne?"

Na ce ban sani ba. Wannan karon gaskiya na faɗa, kuma ita ce amsar da ta fi kowace muni.

A hanyar dawowa muka faɗa cikin cunkoson yammacin Lahadi, duk Abijan na komawa gida daga bakin teku. Ta yi barci a kafaɗata. Ni kuwa lissafi nake ta yi, ba na kuɗi ba. In man nan na gaske ne, to da kuɗina ake kashe uwa a bar ɗa, kuma ina sayar da abin da doka ta hana, a ƙasar da nake baƙo. In kuma na jabu ne, to shekaru ina karɓar kuɗin matan mutane ina ba su man da ban san ko na mene ne ba, alhali ina zama sahun gaba ranar da liman ke wa'azi a kan algus. Na juya maganar ta kowace fuska, ban sami ta ukun ba.

Washegari na kira mai kawo mini kaya. Na tambaye shi kai tsaye. Ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, da duk kwalbar da ke kasuwa daga jikin ayu ta fito, ai da tuni an manta da sunansa." Na ce to nasa fa? Ya ce nasa na gaske ne, ba ya wasa da sana'a. Na ce ya san an hana? Ya ce, "Kai dai ka sayar, me ya kai ka tone-tone?" Muka yi sallama.

Kwalba 14 suka rage. Na sauke su na zuba a kwali, suna nan ƙarƙashin gado, na kasa sayarwa, na kuma kasa zubarwa, don kuɗina ne. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya taɓa ni. Ribar da nake samu a kansu a wata ita ke biyan wuta da ruwa. Akwai matan da saboda man suke zuwa, su haɗa da turare da humra, yanzu sun koma shagon maƙwabcina, shi kuwa har godiya ya yi mini. Uwargida ta ce, rabi wasa rabi gaske, "Da ka sayo mata wayar da duk ba a yi haka ba." Ban ce wa kowa ya bi sahuna ba, kowa ya san nauyin da ke kansa. Abin da kawai zan ce wa 'yan uwa masu irin sana'ata shi ne, mu riƙa tambayar abin da ke cikin kwalba kafin 'ya'yanmu su tambaye mu.

Wanda kuma ke son ya kai iyalinsa, tafiyar yini ɗaya ce. A fita da asuba, a riƙe takardun shaida, a gama ciniki da ɗan jagora tun kafin a tashi, a tabbatar kuɗin shiga gandun na ciki ko ba ya ciki. A ƙidaya rigunan kariya da ido, ko za a ce kun cika tsoro. A tafi da ruwan sha da hula, a dawo da ledar da aka je da ita, don irinta ce ta kashe mana inji. A kuma baro Asini da la'asar sakaliya in ba a son kwana a hanya.

Asabar ɗin da ta biyo baya 'yata ta zo shago kamar kullum. Ta hau kujera za ta goge kantar sama, ta tarar da gurbin babu komai. Ta ɗan tsaya, sannan ta sauko ta kwaso kwalaben zuma ta jera a wurin. Da za ta tafi ta ce in ta ci jarrabawar BEPC za mu koma, da uwarta da ƙannenta. Na ce Allah Ya kai mu. Ta ce, "Amma wannan karon kada ka rufe ido, Baba."